Wasan Giciyen Kalmomi Marar Jigo: Yadda Ake Gina Shi da Yadda Ake Kwance Shi

A Amurka, masu bin wasan giciyen kalmomi na jaridar New York Times sun san kowace rana da nauyinta. Na Litinin mai sauƙi ne, sabon shiga ma yana iya gama shi kafin shayinsa ya huce. Daga nan wuya takan riƙa ƙaruwa kullum har Asabar, ranar da gwanaye ke gumi. Na Lahadi ya fi kowanne faɗi, amma wuyarsa ba ta wuce ta tsakiyar mako ba. Na Juma'a da na Asabar kuwa suna da wata siffa da ta raba su da sauran, wato yawanci ba su da jigo. Su nake so mu duba a tsanake, domin a cikinsu ne ake gane maginin ƙwarai, kuma a cikinsu ne ake bambance wuyar da ke da daɗi da wuyar da zalunci ce kawai.

Bari mu fara da allon. Murabba'i ne mai gida 15 a kwance da 15 a tsaye, gida 225 ke nan. Wasu gidajen farare ne, kowanne na ɗaukar harafi ɗaya; wasu baƙaƙe ne, su ke nuna inda kalma ta ƙare. A gefe akwai jerin ishara, kowace da lambarta, rabi na kalmomin kwance, rabi na kalmomin tsaye. Wani ɗan jarida haifaffen Liverpool mai suna Arthur Wynne ne ya buga na farko a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba, 1913. New York Times ta daɗe tana yi wa wasan kallon shirme, sai a 1942 ta karɓe shi, ta naɗa Margaret Farrar edita. Ita ake jingina wa yawancin ƙa'idojin da ake bi har yau, kuma daga 1993 Will Shortz ne ke riƙe da kujerar.

Ƙa'idojin ba su da yawa, sai dai kowace tana ɗaure hannun magini. Babu kalmar da za ta gaza harafi uku. Idan ka juya allon ƙasa ta koma sama, dole baƙaƙen gidaje su faɗa daidai inda suke a da. Ba a yarda baƙaƙen su yanke wani sashe ya zama tsibiri ba. Wadda ta fi duka muhimmanci ita ce wannan: kowane farin gida dole ya kasance cikin kalma biyu, ɗaya kwance, ɗaya tsaye. Ma'anarta, duk harafin da ya gagare ka ta wata hanya, kana da hanya ta biyu da za ka bi ka same shi. Wasan Birtaniya ba haka yake ba, kusan rabin haruffansa ba su da abokin giciye, kuma isharorinsa wata duniya ce dabam. Mai karatu ya riƙe wannan ƙa'ida ta hanya biyu da kyau, don duk hukuncin da za mu yanke nan gaba a kanta zai tsaya.

To mene ne jigon da aka ce babu? A wasan tsakiyar mako, dogayen amsoshi uku zuwa biyar sukan haɗu a kan dabara ɗaya, kuma da zarar ka gano ta, sauran sun zo hannu. Mafi shahara shi ne wanda Jeremiah Farrell ya tsara, aka buga ranar 5 ga Nuwamba, 1996, ranar zaɓen shugaban Amurka. Isharar tsakiya ta nemi babban labarin jaridar gobe, wato wanda ya ci zaɓe. Gida bakwai ne, kuma CLINTON ya shiga, BOB DOLE ma ya shiga, domin an tsara kowace kalmar tsaye ta karɓi harafi biyu. Ta farko ta nemi baƙar dabbar daren Halloween: CAT, mage, ta yi daidai, BAT, jemage, ma ya yi. Wannan shi ne jigo, kuma saboda shi mai warwarewa yakan yafe wa magini 'yan kalmomi marasa daɗi a gefe.

Marar jigo ba shi da wannan mafaka. Babu dabarar da za ta ɗauke maka hankali, babu amsar da za ta tona asirin 'yar'uwarta. Abin da ya rage kawai kalmomin kansu ne da isharorinsu. Shi ya sa aka ƙara matse ƙa'ida: mai jigo yana iya kaiwa kalma 78, marar jigo ba ya wuce 72, da yawa ma sukan tsaya tsakanin 64 da 70. Bambancin kamar ƙarami ne, amma a yi lissafi a gani. Allo mai baƙin gida 38 yana da fari 187. Tunda kowane harafi sau biyu ake amfani da shi, haruffa 374 ne za a raba wa kalma 78, kowace ta sami ƙasa da biyar. Allo mai baƙin gida 30 da kalma 68 kuwa, haruffa 390 ne, kowace kalma ta kusa shida. Ƙarin harafi ɗaya a kan kowace kalma shi ke sauya komai, domin doguwar kalma tana ratsa kalmomi da yawa, kuma kowace da ta ratsa sai ta yarda da ita.

Magini yakan fara da abin da suke kira iri. Wata doguwar magana ce, harafi tara zuwa 15, wadda yake ɗokin ganin ta a allo: furucin da mutane ke yi a hira, sunan sabon abu da ya shigo rayuwa, ko kalma mai haruffan da ba a cika gani ba irin su Q da Z da J. Sau da yawa yakan dasa ta a saman kusurwar hagu, inda idon mai warwarewa ke fara sauka. Sannan ya jera baƙaƙen gidaje, yana tuna cewa duk wanda ya sa a nan ya sa wani a kishiyar kusurwa. Tun ran gini tun ran zane: siffar da ya zaɓa a wannan mataki ita za ta yanke yadda warwarewar za ta kasance. Idan ya bar kusurwoyi huɗu manya, kowace ba ta haɗuwa da tsakiya sai ta kalma ɗaya, to ya gina ƙananan wasanni huɗu ne, kuma wanda ya maƙale a ɗaya babu mai kawo masa ɗauki daga waje. Idan dogayen kalmomi suna tsallakawa daga sashe zuwa sashe, nasarar wannan kusurwa sai ta malala zuwa waccan. Ni na fi son na biyu, ko da yake na farko ya fi ban tsoro a ido.

Aikin da ya fi cin rai shi ne ɗori, wato a jera dogayen amsoshi uku, wata a kan wata, babu baƙin gida a tsakani. A ce kowace harafi 15 ce. Kalmomin tsaye 15 ne za su ratsa su, kuma kowace an riga an tilasta mata haruffa uku a jere. Idan na sama ya zo da T, na tsakiya da K, na ƙasa da V, babu kalmar Turanci da za ta fara haka, sai a rushe ɗorin duka a sake. Don haka magina ke son amsoshin da baƙi da wasali ke bin juna bi da bi, su kuma dace da na ƙasansu a saɓe. Layin ƙarshe na allo yana da tasa matsalar, domin duk haruffansa ƙarshen kalmomin tsaye ne. Shi ya sa yakan cika da S da E da D da T, waɗanda kalmomin Turanci suka fi ƙarewa da su. Duk wanda ya gwada gina irin wannan allo da Hausa zai ci karo da bango a daidai nan, tunda kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, layin ƙasa sai ya zama wasula zalla.

Kowane ɗori da farashinsa, kuma gajerun kalmomin da ke ratsa shi ne ke biya. Akwai wasu 'yan kalmomi masu yawan wasali da suka zama 'yan gida a wasan saboda sauƙin shigarsu: ERA, AREA, ALOE, OREO. Nahiyarmu ma ta sami rabonta, domin MALI da CHAD da ACCRA da LAGOS suna yawan fitowa, ba don an damu da Afirka ba, sai don haruffansu suna da sauƙin kai. Waɗannan ba laifi. Laifi yana farawa da irin su ETUI, ƙaramin gidan allura da zare wanda ba ka jin sa a bakin kowa sai a wasan, da gajarce-gajarcen sunayen hukumomi, da guntayen jimla da aka yanko don kawai a cike gurbi. Akwai kuma amsar da kalmominta sahihai ne amma haɗin nasu ba magana ba ce tsayayya. Magina suna yi mata laƙabi da koren fenti, don fenti yana iya zama kore, amma ba wanda ya san wannan a matsayin furuci guda. Mai bita yakan ƙirga irin waɗannan, ya auna su da kyawun dogayen amsoshin da aka saya da su.

Yau kusan kowane magini da kwamfuta yake aiki, da manhajoji irin su Crossword Compiler da CrossFire, da kundin kalmomi dubbai wanda aka ba kowace maki gwargwadon kyawunta. Manhaja tana iya cike kusurwa cikin ƙiftawar ido, amma ba ta san wace magana ce ke da rai ba, wace ce ta mutu tun zamanin kakanni. Wannan aikin kunne ne. Shi ya sa ake yaba wa Patrick Berry, wanda allunansa masu faɗi ba ka samun datti a cikinsu, da Robyn Weintraub, wadda wasanninta na Juma'a ke cike da maganganun da mutane ke yi a gida da kanti. Akwai kuma masu neman kafa tarihi. Joe Krozel ya buga allo mai baƙin gida 17 kacal a 2012, da mai kalma 50 a 2013. Bajinta ce babu musu. Sai dai a ganina irin wannan bajinta ta fi burge sauran magina fiye da wanda zai zauna da fensir, domin duk matsin da aka yi wa allo, a kan mai warwarewa yake saukewa.

Mafi munin abin da matsin ke haifarwa shi ne giciyen da ya karya ƙa'idar hanya biyu. A 2008 wani wasan New York Times ya haɗa NATICK, wani gari a jihar Massachusetts da tseren gudun Boston ke bi ta cikinsa, da N. C. WYETH, mai zanen littattafai, kuma a harafin N suka haɗu. Wanda bai san garin ba, bai san mai zanen ba, babu wani tunani da zai kai shi ga harafin, sai dai ya yi canki. Mai sharhi Michael Sharp, wanda aka fi sani da Rex Parker, ya mayar da sunan garin laƙabin duk irin wannan giciye, kuma laƙabin ya zauna. Ƙa'idar mai sauƙi ce: baƙon suna ba haramun ba ne, amma duk harafinsa sai ya ratsa kalmar da hankali zai iya kaiwa gare ta. Gida ɗaya irin wannan ya isa ya ɓata aikin mako guda.

Bayan allo ya cika, sai isharori, kuma a nan gizo ke saƙar. Abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne, yawancin amsoshin Asabar kalmomi ne na yau da kullum. Isharar ce ake murɗawa. Bari in ba da misali da Hausa don a ga dabarar. A ce amsa GADO ce. Ranar Litinin za a ce: abin kwanciya. Ranar Asabar za a ce: wasu barci suke a kansa, wasu shari'a. Ko kuma a ce: Kogi, alal misali, gida huɗu, na ƙarshe A. Hannunka zai yi sauri ya rubuta RUWA. Amsar kuwa JIHA ce. Kowace ishara da babban harafi take farawa, saboda haka ba ka da hanyar sanin ko rafi ake nufi ko jihar da Lokoja ke cikinta. Turanci cike yake da irin wannan: Polish a farkon ishara yana iya nufin goge takalmi, yana iya nufin harshen Poland.

Duk da haka ruɗin yana da iyaka, kuma iyakar ce ta sa wasan ya zama na adalci. Idan ishara jam'i ce, amsa jam'i ce. Idan aikin da ya wuce ne, amsa ma haka. Idan akwai gajarce a ishara, amsa gajarce ce. Idan an ambaci Faransa ko wani birninta, a sa ran kalmar Faransanci. Alamar tambaya a ƙarshen ishara gargaɗi ne cewa akwai wasa da harshe. Maginin Asabar ba ya karya ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai dai ya zaɓi kalmomin da ke ɓoye su, kamar aikatau na Turanci irin su put da set da ba sa sauya siffa tsakanin yanzu da ɗazu. Wasan Saturday Stumper na jaridar Newsday, wanda Stanley Newman ya daɗe yana tacewa, ya yi suna a wannan fanni: ishara ta kalma ɗaya ko biyu, mai ɗaukar ma'ana goma. Kuma a sani, isharar da ka karanta ba lallai ta magini ba ce, domin Shortz ya sha faɗa cewa yakan sake rubuta kusan rabinsu.

Yanzu mu koma ɓangaren mai fensir. Zagayen farko a wasan Asabar yakan ƙare da allo kusan fari fat, kuma wannan ba alamar gazawa ba ce, haka aka tsara shi. Abin nema shi ne wurin dafawa guda ɗaya. Isharorin cike gurbi, masu ɗan layi a tsakiyar jimla, su suka fi sauƙin kamu. Sai sunan da ka sani tabbas. Sai ƙarshen kalmomi: inda ishara ta nuna jam'i, a sa S da fensir mara nauyi, ko da yake magini mai wayo ya san za ka yi haka, wani lokaci ya ɗana maka tarko a wurin. Daga harafi biyu ko uku sai ka gwada gajerun da ke ratsa doguwar amsa, har siffarta ta fara bayyana. Lokacin da doguwar ta faɗo, haruffa goma ko fiye take zuba maka a lokaci guda, kusurwar da ta yi minti ashirin tana harararka ta rushe cikin minti biyu. Wannan jujjuyawa tsakanin tsayawa cik da gudu ita ce daɗin marar jigo, kuma mai jigo ba ya ba da ita haka.

Babban abokin gaba shi ne amsar kuskure da ta shiga daidai. RUWA ɗin nan da ka rubuta zai zauna, ya hana kalmomi uku na tsaye fitowa, kai kuma kana zargin isharorinsu. Idan kusurwa ta ƙi motsi, a fara tuhumar amsar da aka fi amincewa da ita, a goge ta, a duba gidajen babu komai. Idan hakan bai yi ba, a ajiye takardar a tafi wani aiki. Duk wanda ya saba wasan ya san abin da ke faruwa: ka dawo bayan awa ɗaya, isharar da ka karanta sau ashirin sai ka gan ta da wata fuska, don hankali ya saki ma'anar farko da ya ƙanƙame. Gwanayen gasar da Shortz ya kafa a 1978 a Stamford, irin su Tyler Hinman da Dan Feyer, suna gama irin wannan allo cikin 'yan mintoci, kuma a 2021 wata manhaja mai suna Dr. Fill, ta Matt Ginsberg tare da masu bincike na jami'ar Berkeley, ta fi kowane ɗan Adam maki a gasar. Wannan bai rage wa mai zaman awa biyu komai ba.

Da yaya ke nan za a yanke wa marar jigo hukunci? Ma'aunina shi ne na kacici-kacici. Idan ka gaza, ka ba da gari, aka faɗa maka amsa, ko dai ka ce "ashe!" ka yi dariya, ko ka ce "wa zai san wannan?" Wasan ƙwarai shi ne wanda duk inda ya kayar da kai, na farkon za ka ce. Wuyarsa daga murɗin ishara take fitowa, amsar tana cikin kanka tun farko. Wasan da ya jingina wuyarsa da sunan ɗan wasan ƙwallon gora na shekarun 1950 ko wani ƙaramin kogi a Turai, gwajin hadda yake yi, kuma haddar wasu mutane ƙalilan. An daɗe ana sukar manyan jaridun Amurka a kan wannan, cewa abin da suke ɗauka kowa ya sani, sanin fararen fata ne masu shekaru na gabashin ƙasar, kuma shigowar matasa da mata da baƙaƙen fata cikin magina da editoci, irin su Erik Agard, ta faɗaɗa abin da ke shiga allo. Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai fi kowa jin wannan tazara, don haka kada ya ɗauki kowane gurbin da ya gagare shi a matsayin raunin Turancinsa.

Wanda ke son gwadawa kada ya fara da Asabar. Ya yi 'yan makonni a kan Litinin da Talata har ya saba da ƙa'idojin ishara da gajerun kalmomin da ke maimaituwa, sannan ya hau Juma'a, wadda allonta irin na Asabar ne amma isharorinta sun fi sassauci. Ya yi da fensir. Idan ya gama, ko ya gaza, ya ɗauki amsoshin ya bi isharorin da suka kayar da shi ɗaya bayan ɗaya, ya ware waɗanda wayo ya kayar da shi daga waɗanda rashin sani ya kayar da shi. Idan na wayo sun fi yawa, maginin ya yi aikinsa, a nemi sunansa a saman allo a riƙa bibiyar wasanninsa.